A Gyara Bargon Kaka, Kada A Sabunta Shi

A shekarar 1942, a wani ƙauye da ake kira Gee's Bend cikin jihar Alabama ta Amurka, wata mata mai suna Missouri Pettway ta tattara kayan aikin gonar mijinta Nathaniel, wanda ya rasu bayan doguwar jinya. Wanduna ne da riguna da suka sha rana da gumi a gonar auduga. Ba ta bayar da su ba, ba ta kuma rufe su a akwati ba. Ta kira 'yarta Arlonzia ta taya ta farke su, suka yanyanka, ta harhaɗa ƙyallayen ta ɗinka bargo, don ta riƙa lulluɓa da shi tana tuna maigidanta. Bargon yana nan har yau, kuma mutane suna zuwa gidan adana kayan fasaha musamman domin su gan shi.

Irin wannan bargo hawa uku ne. A sama akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye. A tsakiya a shimfiɗa auduga, a ƙasa a sa shafi, sannan a bi shi da allura layi bayan layi har hawa ukun su kama juna. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce ta lifidin da dawakai ke sakawa ranar hawan salla, wanda littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da shi, a mulkinsa na 1390 zuwa 1410. Bambancin kawai, mu yaƙi muka yi da ita, su kuwa matan Amurka sanyi suka kare da ita. Gidaje da yawa a can suna da irin wannan bargo da suka gada daga kaka ko kakar kaka, kuma ko ba daɗe ko ba jima ranar tana zuwa da za a ɗauko shi a ga baki ya zare, auduga ta leƙo, wasu ƙyallayen sun ruɓe. Daga nan sai gardama ta tashi a cikin dangi. Wani ya ce a kai wa gwani ya cire duk abin da ya mutu, ya sa sabo, a wanke shi fes ya koma kamar jiya aka ɗinka. Wani ya ce a'a, a tallafe shi dai kada ya ƙara lalacewa, amma a bar masa tsufansa.

Ni ina tare da na biyun, kuma ba don son tsumma ba.

A duba wurin da bargon Missouri da ire-irensa suka fito. Gee's Bend tsibiri ne a fakaice, domin kogin Alabama ya yi gwiwa ya kewaye shi ta ɓangare uku. Wani mai suna Joseph Gee ne ya kafa gandun auduga a wurin a 1816, da bayi. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, shi ya sa zuriyar bayin nan da yawa suke amsa sunan Pettway har gobe, sunan ubangidan kakanninsu. Bayan an 'yanta bayi, sun ci gaba da zama suna noma ƙasar da ba tasu ba, cikin gidajen katako da iska ke ratsawa, har sai an liƙe bango da tsofaffin jaridu. A 1962, lokacin da baƙar fata suka matsa da neman haƙƙin jefa ƙuri'a, aka dakatar da jirgin fiton da ke kai mutanen ƙauyen garin Camden, inda ake rajistar zaɓe, bai dawo ba sai a 2006. Mutanen da aka yi wa irin wannan riƙo ba su bar takardu da yawa ba. Babu wasiƙu jibge, babu littafin tarihin gida, hotuna ma sai 'yan kaɗan da baƙi suka zo suka ɗauka. Abin da suka bari shi ne abin da hannunsu ya ɗinka. A jikin bargunan za ka ga inda gwiwar wando ta koɗe saboda durƙuso a kunya, ka ga wani wuri mai duhu mai siffar aljihu, inda aka farke aljihun sai asalin launin yadin ya fito, domin rana ba ta taɓa ganinsa ba. Za ka ga buhun gari da na taki, wani ma da ragowar rubutun kamfani. Duk wanda ya cire wannan gwiwa da ta koɗe ya maye gurbinta da sabon yadi mai sheƙi, ya goge shaidar cewa wani mutum ya yi shekaru yana durƙuso a gonar wani. Bargon zai fi kyan gani, ban musa ba. Amma ya daina zama na Missouri da Nathaniel, ya zama na telan da ya gyara.

Masu kula da tsofaffin tufafi a gidajen tarihi sun daɗe da cim ma matsaya a kan wannan, kuma ƙa'idarsu mai sauƙin fahimta ce: kada ka yi wa tufa abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba. Almakashi ba ya warwaruwa. Gam ba ya warwaruwa. Ɗinkin keke a kan tsohon yadi ma kusan haka yake, domin allurar keke tana huda jere da jere kusa da juna, ranar da aka farke sai wurin ya tsage bisa layin. Saboda haka idan ƙyalle ya ruɓe, ba sa cire shi. Sukan ɗora masa wani a kai da allurar hannu, na asalin yana kwance a ƙasa, ko su rufe shi da wata raga mai shara-shara da aka rina ta dace da launinsa, yadda ido zai ga tsohon amma ba zai ci gaba da zubewa ba. Zaren ma sai an zaɓa. Zaren roba ya fi tsohon yadi ƙarfi, idan aka ja bargon shi ba zai tsinke ba, sai dai ya yanka yadin. Haka sabon yadin da ba a taɓa wankewa ba, ranar da ya ji ruwa zai tsuke ya ja maƙwabtansa tsofaffi su yage. Shi ya sa mai gyaran kirki yake neman yadin da ya riga ya sha wanki, in da hali ma wanda ya yi zamani da bargon.

Akwai abin da ya kamata mai gyara ya sani game da dalilin da ya sa wasu wurare ke mutuwa kafin wasu. Sau da yawa baƙi da ruwan ƙasa ne ke fara ruɓewa a tsohon bargo, alhali fari da shuɗi na kusa da su suna nan da ƙarfinsu. Ba amfani ne ya cinye su ba, rini ne. A da ana kama waɗannan launuka da sinadarin ƙarfe, shi kuwa a hankali yake cin zaren har ya zama gari. Silikin ƙarshen ƙarni na 19 ma yana da irin tasa cutar: masana'antu sun riƙa jiƙa shi da sinadarin kuza don ya yi nauyi, tun da a ma'auni ake sayar da shi, yau ga shi nan yana tsattsagewa ko ba a taɓa shi ba. Irin wannan lalacewa ba ta da magani, sai tallafi. Wanda bai san haka ba zai zaci datti ne ko sakaci, ya nufi ruwa da sabulu.

Wanki kuwa shi ne ya fi kashe tsofaffin barguna. Idan audugar ciki ta sha ruwa nauyinta yana ninkuwa, da an ɗaga sai tsohon zare ya tsintsinke, audugar ta dunƙule a gefe guda. Ja yana zuba ya shiga fari, kuma in ya shiga ya shiga ke nan. Kafin ruwa ya taɓa bargo, akan jiƙa farin ƙyalle a danna a kan kowane launi a ga ko zai saki. Galibi ma ba a bukatar wankin. A shimfiɗa shi a inuwa ya sha iska, a ɗora raga a kai a zuƙe ƙurar a hankali, shi ke nan. Wani tabon ya riga ya zama ɗan gida, garin neman gira kada a rasa ido.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce su matan da suka ɗinka bargunan nan ba su taɓa ɗaukarsu abin lallaɓawa ba. Idan bargo ya mutu, farke shi suke yi su cusa a cikin sabo a madadin auduga. Wasu tsofaffin ma ƙona su ake yi don hayaƙinsu ya kori sauro. To, wane ne jika da zai zo ya fi mai abu son abinta? Ba an ɗinka bargo don a rufa ba ne? Gaskiya ne. Amma ita mai ɗinkin tana da abin da jikan ba shi da shi: hannunta yana raye. Idan ta farke wannan, gobe za ta ɗinka wani, kuma shi ma nata ne. Ranar da ta rasu, adadin abin da hannunta ya yi a duniya ya tsaya cak, ba zai ƙaru da ko ɗaya ba, sai dai ya ragu. Ikon da take da shi a kan bargon bai gangaro ga magada ɗungurungum ba. Idan ta bar guda biyar, a rufa da uku har su ƙare, wannan ma girmamawa ce, kuma na fi son ganin jariri kwance a kan bargon kakarsa da a ce yana naɗe a wani ɗaki ba mai ganinsa. Idan kuwa ɗaya tak ya rage, to lissafi ya canza. Sannan ban ce jika ba ta da damar sa nata faci ba. Ta sa, har ma ina so ta sa. Sharaɗin dai facin ya fito a matsayin faci, kada a ɓoye shi a yi kamar kaka ce ta yi, kada kuma a cire na kaka don a samar masa wuri.

Faci ai ba abin kunya ba ne a wurin Musulmi. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa da hannunsa, kuma Sayyidina Umar ya yi halifanci da riga mai faci. Ajiye tufar magabaci ma yana da asali: jubbar Annabi ta zauna a wurin Nana A'isha har ta rasu, sannan ta koma hannun 'yar'uwarta Asma'u.

Akwai wani ɓangare na gyara da ba ya bukatar allura, kuma a ganina ya fi na allurar gaggawa. A ɗauki misalin Harriet Powers, wadda aka haifa baiwa a jihar Jojiya a 1837. A 1886 ta kai wani bargo baje kolin auduga a garin Athens na jihar, wanda ta ƙawata da ƙissoshin Baibul gida goma sha ɗaya, ciki har da Adamu da Hauwa'u da kisan da Ƙabila ya yi wa Habila. Wata malamar zane mai suna Jennie Smith ta nemi ta saya, ta ƙi. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa mata, ta kai shi da kanta ta nemi dala 10, aka ba ta 5. Kafin ta miƙa, sai da ta tsaya ta bayyana ma'anar kowane gida, ita kuma Smith ta rubuta. Bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington yanzu. Dubban mata sun yi ɗinki a zamaninta, wasu ƙila sun kai ta gwaninta, amma bargunansu suna rataye da alamar cewa ba a san mai su ba. Abin da ya raba ta da su 'yan layukan nan ne da aka rubuta tana raye. Saboda haka duk wanda ya gaji bargo, kafin ya nemi mai gyara ya nemi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi, ya shimfiɗa mata shi ya kunna waya ya ɗauki muryarta. Wa ya ɗinka? A wane gari? Wannan ƙyallen na rigar wa? Sannan a rubuta a farin ƙyalle a ɗinka a bayan bargon, har da sunan wanda ya yi gyara da shekarar da ya yi.

Duniya ba ta waiwayi matan Gee's Bend sosai ba sai a 2002, lokacin da aka baje bargunansu a gidan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan fasaha na Whitney a New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda 10 a kan kan sarki. Abin lura, abin da ya ja hankalin masana shi ne ainihin abin da mai son sabuntawa zai fara cirewa: koɗewar, karkacewar layin, yadin wandon aiki. Kuɗi ya shigo, rigima ta biyo shi, har a 2007 biyu daga cikin matan, Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai ƙarar waɗanda suka saye bargunan suka fitar da su duniya. Maganar ta mutu a shekarar da ta biyo. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, kayan da 'yan gida suka raina, baƙo yana nan tafe da zai gane darajarsu, kuma farashin da zai biya na wanda bai san abin da ke hannunsa ba ne.

Wannan ya kawo ni gida, domin mu ma muna da kayan da ake gada, kuma riƙon da muke yi musu yana damuna ƙwarai. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini, da yadda tufar Kano ke kai wa Timbuktu da Gat da Tarabulus. Wannan arziki bai ɓace gaba ɗaya ba. Wani ɓangarensa yana kwance a gindin adaka a gidajenmu: gwado da luru da mata suka kaɗa zarensu da mazari, zanen saƙi, rawanin ɗan Kura, babbar riga mai aska takwas da aka yi wa aiki da zaren tsamiya, wadda maɗinki ya yi watanni yana duƙe a kanta a zaure. Irin waɗannan riguna suna cikin gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, ana kula da zafin ɗakin da suke da danshinsa. Tamu ta gida kuwa tana cikin leda.

Leda tana riƙe danshi, damina ɗaya ta isa fumfuna ta kama. Adakar ƙarfe tana tsatsa, tsatsar ta ci yadi ta bar rami. Ninki ɗaya da aka yi shekara ashirin ba a sauya ba, nan ne zaren zai karye. Asu da gara da kyankyaso kuma ba sa jiran izini. Maganin duk wannan bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba: a naɗe rigar cikin tsohon farin zanen gado na auduga da ya sha wanki, a sa kafur a gefe amma kada ya taɓa ta, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a fito da ita bayan ɗaukewar ruwa ta sha iska a inuwa, a sauya ninki a mayar.

Abin da ya fi asu ɓarna shi ne gyaran ganganci. Babbar riga a wuya take fara mutuwa, sai kafaɗa inda ake naɗe hannu, sai bakin aljihu. Ɗan marigayi zai ɗauko ta da kyakkyawar niyya, yana so ya sa ranar salla ko ɗaurin aure, ya kai wa mai keken surfani. Shi kuma abin da ya iya shi zai yi: ya bi tsohon aikin hannu ya hau kansa da zaren roba mai walƙiya, ya yanke abin da ya zare, a kai wa mai wanki ya zuba sinadarin fari da sitaci, a bi da dutsen guga mai zafi. Rigar za ta fito a tsaye ƙyam, kowa ya yaba, amma askar da wani malami ya zana kuma wani maɗinki ya cike da allura ta shiga ƙarƙashi har abada. Ban ga laifin telan ba, ba sana'arsa ba ce. Masu sana'ar suna nan, a cikin birnin Zariya da lungunan Kano da Bida, dattawa da matan aure da suka san kowane irin ɗinki da sunansa, waɗanda za su kalli riga su gaya maka ko za ta jure sakawa ko ta wuce nan. Su ya kamata a nema, kuma a biya su kuɗin gwani, ba kuɗin mai faci ba. Mayar da riga marina da kai ta wurin masu bugu al'adarmu ce mai kyau ga rigar da ke da sauran ƙarfi. Wadda zarenta ya riga ya gaji kuwa, bugu ɗaya zai raba ta.

Sai ranar rabon gado, inda yawancin kayan nan suke salwanta. Akan tara tufafin mamaci a yi musu kuɗi a kasa. Shadda da yadin zamani su samu farashi, tsohuwar rigar saƙi da gwado a tura su gefe a ce a bayar sadaka. Sadaka alheri ce ga mamaci, amma mabukacin da aka ba gwadon da ya shekara saba'in bai samu abin rufa ba, domin kafin hunturu ya fita ya yage, ko kuma dillali ya karɓe shi a kuɗin cefanen yini. Abin da ya fi shi ne wani daga cikin magada ya ce a yi wa kayan kuɗi na gaskiya a saka a cikin kasonsa, in ana son sadaka a sayi sabon bargo mai kauri a bayar da sunan marigayin. Idan magada biyu ko uku suka nuna suna so, kada a kawo almakashi don kowa ya samu yanki, kamar yadda wasu iyalai a Amurka suke yi wa bargunansu. A yi yarjejeniya a rubuce a gaban malamin da ke rabon: kayan suna hannun wane, ga wanda za su koma wurinsa bayansa, kuma duk ɗan dangin da ya so gani ko nuna wa 'ya'yansa yana da damar zuwa.